Kauce, Karen Yayana

Karen ba nawa ba ne tun farko. Na yayana ne, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya zauna gida a ƙauyenmu can gefen Kajiji yana noma, ni kuwa na taho Bodinga tun da sauran ƙarfina. Da Allah ya karɓi ransa, matarsa ta gama takaba ta kwashi 'ya'yanta ta koma gidan iyayenta. Dangi suka raba awaki da ɗan geron da ya rage a rumbu. Kare kuwa ba wanda ya ce uffan a kansa. Ranar da na je rufe ɗakin na same shi kwance a bakin ƙofa, haƙarƙari duk a waje. Ja ne, mai farin ƙirji, bai ko shekara ba. Na ce masa ya tashi in wuce. Ya tashi ya biyo ni, kuma ban kore shi ba.

Sunansa Kauce. Ba wanda ya zauna ya raɗa masa. Tun yana kwikwiyo ba shi da wurin kwanciya sai inda mutum zai taka: bakin ƙofa, gindin turmi, gaban murhu. Matar yayana ta wuni tana cewa kauce, kauce. Shi kuma yayana mutum ne mai son dariya, in ya gama cin tuwo sai ya ɗaga ragowar ya ce, "Kauce, taho." Haka kwikwiyon ya tashi da sanin cewa duk wanda ya ce kauce, kiransa yake, kuma akwai abinci a hannunsa. A ƙauye abin dariya ne. In baƙo ya zo sai a nuna masa.

Ni aikina gadi, a wani gidan bulo da ke ƙetaren kwalta. Ɗakin da nake haya yana wannan ɓangaren, bayan kasuwa. Alhajin da nake wa gadi ya ce yana so in riƙa zuwa da kare, don ana ɗauke masa siminti, amma da rana ba ya son ganinsa. Leburori suna alwala da ruwan tankin, ba za su yarda kare ya sa baki ba. Mai gidan da nake haya kuma ya ce ba kare a cikin gidansa, sai dai in ɗaure shi a kangon da ke baya. To ka ji yadda abin ya tsaya: da yamma in ratsa gari da shi zuwa aiki, da safe in ratso da shi in dawo. In zai iya wannan tafiyar, yana da wurin zama. In ba zai iya ba, ba shi da ko'ina, domin gidan da ya sani an riga an sa masa kwaɗo.

Yammar farko ko igiya ban sa masa ba. A ƙauye wa ke sa wa kare igiya? Muna fitowa lungu ya ga babura suna ta wucewa, ya manne a ƙafata yana rawar jiki. Na ce madalla, tsoron ma zai tsare shi. Muna cikin tafiya sai wani ɗan kabu-kabu ya taho ta bayanmu da gudu ya daka tsawa, "Kauce!" Ni na kauce. Shi kuwa ya ɗaga kunnuwa, ya juya, ya nufi babur ɗin yana kaɗa wutsiya. Yaron ya taka birki, tayar baya ta ja ƙasa, da ƙyar ya tsaya da ƙafa.

"Kai tsoho! Karenka na ko na ubanka?"

Na ba shi haƙuri. Karen yana tsaye gabansa yana kallon hannunsa, yana jiran tuwo.

Washegari na nemi igiya. Mutumin da ke jan kare da igiya a cikin Bodinga, kowa ya san abu ɗaya yake nufi, wato zai kai shi wurin masu saye su tafi da shi inda ake ci. Mahauta suka fara. "Baba, an canza sana'a ne? A kawo muna wuƙa?" Masu awara suna ganinmu sai su ja tirensu baya. Masu tafiya masallaci su tattare riga su koma ɗaya gefen. Ni ba malami ba ne, allo ma ban yi nisa ba, ban san iyakar hukuncin kare a addini ba. Na dai san yadda fuskar mutum ke komawa in ya ga kare kusa da tufarsa mai tsarki, kuma ban ga laifinsu ba. Har gaisawa da ni wasu suka rage yi da hannu.

Ban taɓa koya wa dabba komai ba in ban da jaki, shi ma da sanda. Wannan na ga sanda ba za ta yi ba, ko hannu na ɗaga sai ya kwanta ya yi fitsari. Sai na koma ƙuli-ƙuli. In cika aljihu da shi, in gutsura kaɗan-kaɗan. Na gajarta igiyar, na naɗe ta a hannu, na sa shi ta ɓangaren da ba titi, ni ina tsakaninsa da babura. In ya ja gaba sai in tsaya cak, ba zan motsa ba sai igiyar ta yi sako-sako. Farkon abin tafiyar da ba ta kai komai ba sai ta ci mana daga la'asar sakaliya har kiran magariba. Gwiwoyina dama ba lafiya gare su ba. Alhaji ya yi mini maganar latti, na ce zan riƙa fitowa da wuri, na rage barcin rana, wanda shi ne kaɗai barcin mai gadi.

Kuma ya koya, kada in ci haƙƙinsa. Ya daina bin kaji. Akuya za ta gifta ta gaban hancinsa, ya dube ni kawai. In mun iso bakin kwalta na buga ƙafa ƙasa, sai ya zauna, ba zai tashi ba sai na ce mu je. Tirela za ta wuce ta girgiza ƙasa, ta danna hon kamar tashin duniya, yana zaune. Yara su jefe shi, ba ya ko haushi, sai dai ya ƙara matsowa jikina. Akwai ranar da na ji wani dattijo mai sayar da goro yana cewa bai taɓa ganin kare mai natsuwa haka ba. Na daɗe rabona da in ji daɗin magana kamar wannan.

Kalmar nan ce kawai. Ban taɓa lura da yawan faɗinta ba sai da na zo da shi. Mai babur, mai kura, mai baro, mai jaki da ya ɗauko kara, uwa da ɗanta, kowa kauce, kauce. Gari ne da ba wanda ke da lokacin cewa don Allah ba ni hanya. Duk sanda aka faɗa, ko daga wane gefe, sai in ji igiya ta fizgi hannuna. Yatsuna har suka yi kanta.

Na ce to, a sake masa suna. Na sa masa Ɗan-ja. In kira Ɗan-ja in miƙa ƙuli-ƙuli, safe da yamma. Bai daɗe ba ya gane. Sai dai sabon sunan bai kori tsohon ba. Ya zama yana da suna biyu, ɗaya nawa, ɗaya na duk garin.

Ina da taubashi a Bodinga, ɗan ƙanwar babana, kabu-kabu yake yi. Tsakanina da shi ba a magana sai da tsiya. Na same shi na gaya masa abin da nake so: mu je filin ƙwallo da hantsi lokacin ba kowa, ya riƙa wucewa da babur yana cewa kauce, ni kuma in riƙe igiya, in kare bai motsa ba in ba shi ƙuli-ƙuli.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Bawana, tsuhwa ta kama ka. Mutane na aje mata, kai ka aje kare, kuma har da kai shi makaranta."

"Za ka zo ko ba ka zuwa?"

"Ina zuwa mana. In ya gama karatun a ba shi aikin gwamnati, shi riƙe ka."

Ya zo, kuma bai taɓa saɓa mini ba. Ya yi ta zagaya filin nan cikin rana yana ihu kamar mahaukaci, ni ina tsaye ina zufa. Farko kare ya yi ta zabura. Sannu a hankali ya fara tsayawa, kunne kawai zai motsa. Aka kai ranar da taubashina ya wuce dab da shi ya kwarma kauce da iyakar muryarsa, kare ya yi hamma ya kwanta. Na ce alhamdu lillahi. Har rawa taubashin ya taka mini a kan babur.

Da yammar ranar muka fito aiki. Wata mata ta ce wa 'yarta kauce, mota na zuwa. Kare ya fizge ni sai da na kusa faɗuwa. Ashe abin da ya koya shi ne, taubashina maƙaryaci ne, in ya kira ba ya ba da komai. Sauran mutanen duniya kuwa har yanzu yana kyautata musu zato.

Da na gaya masa, wannan karon bai yi dariya sosai ba. Ya ce, "To sai ka bi 'yan kabu-kabun garin ga ɗaya-ɗaya, kowa shi yi mai ƙarya. In ka gama ka koma kan mata."

Maganar wasa ya yi, ni kuma gajiya ta sa na ɗauke ta da gaske ta wata fuska. Na ce tunda ba zan iya cire kalmar daga kan kare ba, bari in roƙi masu faɗinta. Na je inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa a bakin kasuwa, ƙarƙashin dogon yaro. Na yi sallama, na cire kunya, na yi musu bayani tun daga kan yayana. Na ce in sun gan ni da kare, don Allah su danna hon kawai, ko su ce hanya, ko su ce gafara.

Sai wani ya ce, "Wai mi kac ce sunanai?"

Na faɗa.

Wurin ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Baba, yanzu Hausar za mu canza saboda kare?" Wani ya leƙo ya ce a hankali, "Kauce." Kare ya miƙe yana kaɗa wutsiya. Wani daga can baya ya faɗa, kare ya juya can. Suka dinga yi masa ta kowane gefe, yana juyawa, yana murna, igiya tana naɗe mini ƙafafu. Babbansu ya tsawata musu ya ce in tafi, za a kiyaye.

Da ma ban je ba. Kafin wannan rana, sai an yi dace kalmar ke faɗowa kusa da mu. Bayanta kuwa duk garin ya san sunan karen mai gadi. Samari su rage gudu su faɗa don su ga rawarsa. Yara su hau katanga su faɗa. Ba mugunta ba ce a wurinsu, abin dariya suka samu, irin dariyar da yayana ke yi. Ni ne dai hannuna ke kumbura. Shi kuma karen ya fara rikicewa. Mai zama lafiya a bakin kwalta ya koma waige-waige, yana neman wanda ke kiransa. Na canza hanya, na bi lunguna, amma kwalta dole a ƙetare ta, kuma wuri ɗaya ne mai sauƙin ƙetarawa.

Abin ya faru da safe, ranar kasuwa, muna dawowa daga aiki. Na kwana ban runtsa ba, idona kamar an zuba yashi. Mun zo bakin titi na buga ƙafa, ya zauna. Na sassauta igiyar ina murza yatsuna don sun sage. Sai ga wani mai babur, baƙo ne ma, ba ɗan garin ba, ya ɗauko wata tsohuwa da ƙwaryar nono. Ba da mu yake ba. Wani mai baro ne ya shiga gabansa, ya ce masa kauce. Igiyar ta zare daga hannuna kamar an shafa mata mai, kare ya faɗa titi ya nufi babur ɗin.

Bai taka karen ba. Ya kauce masa, babur ya kwanta, tsohuwar ta faɗo a kan hannunta. Nono ya malale a kwalta. Na ji ƙarar da ta yi, har yau ina jinta. Kafin in isa mutane sun taru, wasu na ɗaga ta, wasu na neman duwatsu. Karen yana tsaye yana lasar nonon. Na faɗa kansa na rufe shi da jikina, dutse ɗaya ya same ni a kafaɗa. Aka kai tsohuwar wurin mai ɗori, wuyan hannunta ya goce.

Da la'asar aka kira ni zauren mai unguwa. Ɗan tsohuwar yana nan, mai babur yana nan da gwiwa a ɗaure. Na durƙusa na yi gaisuwa.

Mai unguwa ya ce, "Malam, mun san ka, ba ka da hayaniya. Amma wanga abu ya isa."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ya koyi komi. Wallahi ya koyi komi. Kalma guda ta rage."

"Kalmar da kowa ka hwaɗi tun sahe har dare?"

Ya ɗora da cewa:

"Yau hannu na. Gobe in ƙaramin yaro na aka goye da shi fa? Kai za ka iya ɗauka?"

Na ce ba zan iya ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ban ji haushinsa ba, kuma da na ji haushin wani da abin ya fi mini sauƙi. Ɗan tsohuwar ya ce su sun yafe, ƙaddara ce, amma kada ya sake ganin karen. Aka ce in fitar da shi daga gari kafin Juma'a, in ba haka ba samari za su yi abin da suka saba. Na je wurin Alhaji ko zai bar shi ya zauna a gidan bulon gaba ɗaya, in ɗaure shi can bayan yashi inda ba ya kai wa ga tanki. Ya ce leburorinsa sun fi masa kare amfani.

Taubashina ne ya samo wani surukinsa, manomi a wajen Mandera, can gaba da Shagari, mai tumaki, yana son kare. Ba direban da zai ɗauki kare a motarsa, kuma a babur ba zai zauna ba. Na sauka daga aiki da safe, na sha ruwa, ni da kare muka kama gefen kwalta da ƙafa muka nufi Shagari.

Wannan tafiya ita ta fi ci mini rai. Da muka bar gidajen ƙarshe, ba mai magana sai iska da motoci. Ya jera da ni, kafaɗarsa dab da gwiwata, igiya tana lilo ba ja. Manyan motoci suna wucewa ko kallonsu ba ya yi. Garken shanu ya ƙetare, na buga ƙafa, ya zauna har suka gama. Duk abin da na sha wahala a kai, ga shi nan yana yi, ba kowa a wurin da zai gani. In na gaji na zauna a inuwa, ya kwanta ya ɗora haɓa a kan takalmina. Da muka kusa Shagari ban shiga gari ba, na zagaya ta gonaki. Rana ta karya kafin mu isa.

Manomin mutumin kirki ne. Ya kawo mini fura, ya zuba wa kare ruwa a kasko. Ya tambayi sunansa, na ce Ɗan-ja. Sannan na ga ba amfanin ɓoyewa, na gaya masa ɗayan, na ce ya gargaɗi iyalinsa. Ya murmusa ya ce nan ai daji ne. Muna cikin maganar babura biyu suka wuce ta hanyar da ke bayan dangarsa, suna tayar da ƙasa. Na dube su, ya dube ni.

Na ce ya ɗaure shi da kyau, ya bar shi ɗaure har ya saba. Na juye sauran ƙuli-ƙulin aljihuna a gaban karen. Bai ci ba, ni yake kallo. Da na kai bakin hanya na fara jin kukansa. Na samu babur zuwa Shagari, na shiga mota, na iso aiki an yi magariba. Alhaji yana rufe ofis ya ce, "Ka kai shi?" Na ce na kai shi. Ya ce madalla, ya ba ni makulli.

Ba a yi mako ba taubashina ya same ni a ɗaki. Bai kira ni bawansa ba, ya zauna kawai a bakin katifa. Ya ce surukinsa ya bugo waya, kare ya cinye igiya ya tafi. Wasu masu kiwo sun gan shi da safe a gefen kwalta, ya wuce Shagari, ya fuskanci Bodinga, da guntun igiya a wuya. Sun ce tafiya yake a natse, can gefe, ba ya shiga titi.

Na jira shi a kango ranar, da washegari. Na jira a gidan bulo. Sannan na fara bin hanyar, in na sauka aiki maimakon in kwanta. Na duba ƙarƙashin kwalbatoci, na duba ramukan gefen titi, inda duk na ga angulu sun sauka na je. Na ga mushen akuya, na ga na jaki, na ga wani kare baƙi da mota ta daɗe da bi ta kansa. Na tambayi masu sayar da itace a bakin hanya, na tambayi masu facin taya. Wani ya ce kamar ya gani, wani ya ce karnuka ai yawa gare su. Tsakanin Shagari da Bodinga akwai ƙauyuka a bakin titi, kowanne da masu babura da masu baro da mata da yara. Ban san a wanne aka kira shi ba.

Na yi ta zuwa har gwiwar dama ta kumbura ta ƙi lanƙwasuwa. Alhaji ya ce in zaɓa, ko gadi ko yawon hanya, don an same ni ina gyangyaɗi a bakin ƙofa. Na zaɓi gadi.